Tulun Irin Waken Taubashina

Wanda Ya ba mu shi Ya karɓi abinSa. Taubashina ya rasu da hantsi a gidansa da ke bayan Sifawa, yana jingine da rumbu, ya miƙe ƙafafu kamar mai jiran a kawo masa fura.

Ko da na iso daga Shagari an riga an kai shi. Zaure cike da maza, cikin gida cike da mata, kowa da abin da yake tunawa. Liman ya ce bai san sahun gaba babu shi ba. Masu albasar fadama suka ce jigonsa na ban ruwa na kowa ne, ba a taɓa neman izini ba. Wata tsohuwar Bafillata mai kawo nono ta zauna bakin ƙofa, ta ƙi shiga ta ƙi tafiya, tana ta tambayar wa zai ajiye mata harawa bana. Jikokinsa kuwa, kamar yadda ake yi in tsoho ya cika da kyau, suka ɗauki malafarsa da sandarsa suna kwaikwayon tafiyarsa. Sai su leƙa kwanon mai zaman makoki su ɗaga gira su ce, "Wanga ciko na ko gini?" Mata suka yi ta dariya da hawaye a fuska.

Matarsa ta kama hannuna ta ce, "Ke ba ki kuka?"

Na ce, "Ni? In yi ma bawana kuka gaban jama'a? Sai ya ji ya yi girman kai can inda yake."

Ta yi dariya har ta shaƙe, sannan muka rungume juna.

Ga wanda bai sani ba, shi ɗan gwaggona ne, ƙanwar mahaifina. Ni ɗiyar namiji, shi ɗan mace, don haka ko da ya girme ni da nisa, tun ina rarrafe bawana nake ce masa, shi kuma ya ce uwargijiyata. Haka taubasantaka take. Ba mu taɓa gaisawa babu tsiya ba.

Yaran nan sun ɗauka tambayar ciko da gini wasan tsoho ce. Ni na san inda ta fito, kuma waɗanda suka sani sun kusa ƙarewa. Shi ya sa zan faɗa.

A wurinsa abincin gona iri biyu ne. Akwai mai cika ciki ya ba ka ƙarfin wuni, akwai mai zama nama da jini a jikinka. Dawa da maiwa da gero ciko ne masu ɗan gini a ciki, kuma gero ya fi su, ko da dawa ta fi cika rumbu. Wake da gyaɗa da kwaruru su ne magina, sai dai rowa gare su, gona guda ba ta ba ka abin a zo a gani. In aka ce masa albasa fa, sai ya ce wannan ba ciko ba gini, ƙamshi ne da hawaye, a kai wa mutanen birni. Da albasar kuwa yake sutura.

In an yi gayya a gonarsa ba ya tsayawa kan masu noma yana ihu. Inuwa yake samu ya zauna yana duban lokacin da hauyoyi za su fara nauyi, sannan ya shiga gida ya tambayi abin da aka dafa musu. Matarsa ta sha faɗa da shi kan wannan. Ta ce duk garin shi kaɗai ne namijin da ke leƙa tukunya.

To, shekarar da fara ta fara sauka, ta ci hatsi ta bar kara tsaye. Bayanta sai Nasara suka aiko ta hannun uban ƙasa, uban ƙasa ya aiko wa mai gari, cewa kowane magidanci ya dasa rogo. Aka kawo sandunansa bisa jakuna. Mu a lokacin ba abincinmu ba ne. Mutane suka yi ta gunaguni, wai yau an ce mu dasa itace mu ci. Wasu suka soka sandunan gefen hanya inda dogari zai gani, wasu don mugunta suka soka su kai ƙasa. Taubashina kuwa ya ɗebi nasa, ya roƙi na waɗanda suka zubar, ya dasa a wuri mafi kyau na fadamarsa, inda yake sa albasa.

Na zo ganin gida na same shi yana ban ruwa. Na ce, "Bawana, ashe Nasara ya saye ka ban sani ba? Wa ya karɓi kuɗin?"

Bai ko ɗago ba. Ya ce, "Uwargijiyata, kin taɓa ganin hwara da hauya?"

Na ce ban gani ba.

Ya ce, "To abin da ke ƙasa ba ta iya tono shi."

Fara ta dawo. Ta rufe rana, ta sauka, ta tashi, ba ta bar ko ganyen wake ba. Ta ci ganyen rogon ma, amma saiwar na nan ƙasa. Filin da zai ba ka 'yan damman gero, in rogo ne sai jaki ya gaji da jigila. Da wannan rogon ya riƙe gidansa, ya riƙe maƙwabta, kuma duk ranar kasuwar Shagari sai ya koro jaki da mangala cike har ƙofar gidan mijina. Wanda zai zagi rogo gabana bai ga waccan shekarar ba. Shi ya hana mu haƙa kaburbura.

A wannan shekarar aka yaye ɗiyata ta fari. Mijina ya tafi cin rani, aka kai yarinya ɗakin uwar mijina kamar yadda ake yi. Da farko akwai busasshiyar fara a buhu, don ita ta ci hatsinmu mu kuma muka ci ta, ana daka wa yara suna lasa. Fara ta ƙare. Fulani sun kora shanu kudu, babu nono. Sai rogo da safe, rogo da rana, kunun garin rogo da marece. Yarinya ba ta kwana da yunwa ba ko sau ɗaya, wannan zan shaidi tsohuwar nan da shi har gaban Allah. Nata take ragewa ta ba ta.

Sai kumatun yarinya suka ciko. Ƙafafu suka yi ɓul-ɓul, hannaye suka yi tumbur. Uwar mijina ta riƙa goya ta tana zaga gidaje tana cewa, "Ku dubi jikata, shekarar yunwa tana ƙiba." Mata na zuwa tambayar abin da ake ba ta don su ba nasu.

Ni kuwa ina hangen ta daga bakin murhu, raina bai kwanta ba. Ta daina kuka. Ta daina dariya. Inda aka ajiye ta nan za a same ta, ƙuda na yawo a fuskarta ba ta kore shi. Gashinta ya yi ja ya yi laushi, in an shafa sai ya biyo hannu. Amma ɗiyar fari ce. Ba na faɗin sunanta, ba na ɗaukarta gaban surukai, balle in buɗe baki in ce wa uwar miji renonta da gyara. Da na yi, da har Bodinga sai an ji cewa gidanmu ba a koya kunya. Na haɗiye, ina daka ina kallo.

Ranar kasuwa taubashina ya sauke rogo. Na kawo masa ruwa a zaure, na ce, "Bawana, in ka sha ka shiga ka gai da 'yar mutanen can. An ce ta yi ƙiba."

Ya sauke ƙwaryar daga bakinsa ya dube ni. Tun da aka haife ta bai taɓa jin na ambace ta ba, ko da habaici. Bai mayar mini da tsiya ba. Ya tashi ya shiga.

Ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa ƙofar ɗakin tsohuwa, ya gaishe ta da kwana da gajiya da sanyi da hidimar jikoki, bai bar ko ɗaya ba. Sannan ya ce a ba shi amaryarsa ya gani. Ya ɗora ta a cinya, ya yi mata wasa, ba ta ko kalle shi ba. Ya kama ƙafarta ya danna babban yatsa a bisa. Da ya ɗage, ramin yatsan ya zauna, kamar an danna tuwo.

Ya ce, "Inna, Allah shi ba ki haƙuri, wagga ba ƙiba ta ba. Ruwa na."

Ya ba ta labarin ragunansa biyu na layyar da ta wuce. Da harawa ta yi wuya, ɗaya ya samu ragowar ɓawon wake da dusa, ɗayan kuwa ɓawon rogo aka tara masa yana ci har ya ƙoshi. Na rogon ya fi tumbi, kowa shi yake yabo. Da aka feɗe, na waken ne da nama.

Tsohuwa ta ɗaure fuska. "Jikata kaka gwadawa da rago?"

"Subhanallahi, Inna. Bakina na ya yi kuskure. Rogo ya yi aikinshi, ya tsare ranta. Amma ba shi gina yaro, kuma ita yanzu aka gina ta. Ki ba ni aronta."

"Yaye hakkin uwar uba na. Ina ka taɓa jin an kai shi gidan taubashi?"

"Ni ai ba taubashi na ba, Inna. Bawan uwatta na. Goyon ɗiyan uwargijiya aikin bawa na."

Wata maƙwabciya ta tuntsire da dariya. Tsohuwa ba ta yi ba. Ta miƙa hannu ta karɓi yarinyar, ta danna ɗayar ƙafar da nata yatsan, ta daɗe tana duban wurin. Sai ta kwance zanen goyonta ta miƙa masa, ta juya fuska bango. Allah Ya jiƙan wannan tsohuwa, ba kowa ke iya abin da ta yi ba.

Haka ya goya ta a bayansa kamar mace, ya ratsa tsakiyar kasuwar Shagari yana kora jaki. Mahauta na yi masa ihu, teloli na tambayarsa yaushe ya haihu ba a gayyace su suna ba. Yana amsa musu ɗaya bayan ɗaya har ya fita gari.

Abin da ya faru a gidansa matarsa ta ba ni labari. Wake babu shi a kasuwar Bodinga, babu a ta Shagari, ko na magani. Wanda ya rage kawai shi ne na iri, cikin wani tulu da aka cakuɗa da toka aka liƙe bakinsa da laka, a ƙuryar rumbu. Farin wake ne mai manyan ƙwaya, irin gidansu tun kakanni. Kuma ba nasa ba ne shi kaɗai, gandu ɗaya suke da ƙanensa.

Ƙanen ya same shi da tulu a tsakar gida. Ya ce, "Yaya, iri? Yunwar da ta kashe mutane zamanin tsohonmu, ganye sunka ci, ba su taɓa tulun ga ba. In ka cinye shi mi za mu shuka? Mi za mu ba dabbobi? Ni ma ɗiya gare ni."

Ba ƙarya ya faɗa ba, kuma ban taɓa riƙe shi da wannan ba.

Taubashina ya ce, "Wake in ya ɓace ana samo shi wani gari. Wagga in ta ɓace, wane gari za ni?"

Ya sa ƙotar lauje ya fasa lakar. Daga ranar ƙanen ya daina cin tuwo a akushi ɗaya da shi.

Matan gidan ma ba su yarda ba, don kowa ya san wake na kumbura cikin yaro. Shi ya tsaya kan matarsa. A jiƙa, a surfe ɓawon tas, a shanya, a ɗan soya sama-sama, a niƙa a dutse, a tace da ƙyalle, sannan a zuba ɗan kaɗan cikin kunun rogon a dafa shi sosai. Yau kaɗan, gobe a ƙara kaɗan. 'Yar harawar da ya ɓoye wa jakinsa kuma ya kai wa Bafillatar nan mai kawo nono, wadda saniya ɗaya ta rage mata ba ta bi garke ba, ita kuma ta riƙa kawo ɗan nono a ludayi.

Na daure iya daurewa, sannan na ce wa uwar mijina zan je duba gwaggona. Ta san ƙarya nake, ta ce in gaishe ta.

Na shiga gidan na ga wata 'yar abu zaune kan tabarma. Kumatun nan babu su. Hannaye kamar sillen kara, haƙarƙari a waje, fata na reto a cinya. Ban san sanda tulun ruwan da na tarar bakin ƙofa ya kife ba. Na kira sunanta da ƙarfi, gaban gwaggo, gaban matarsa, gaban ƙanensa da ke gyaran igiya. Na sure ta na juya kansa.

Na ce, "Na ba ka ɗiya da kumatu ka mayar man da ƙashi? Wanga shi na ginin naka? Allah Ya isa tsakanina da kai!"

Shi kuwa yana zaune yana ɓare rogo. Ya ce, "Ashe kin san sunanta."

Na ce yau zan tafi da ita. Ya tashi ya je ya zauna a ƙofar zaure ya miƙe ƙafa ya tare hanya. Ya ce, "Ruwan na ya hita. Abin da kika gani yanzu ita ta, iyakarta ke nan tun can, kumburi ya ɓoye maki. Bisa wanga za mu gini. In kin iya tsallake ni ki wuce."

Ban tsallake shi ba, amma ban yi masa magana ba, ko tsiya. Duk wanda ya san mu ya san wannan ya fi zagi. Na zauna gidan ina kwana da ita a ƙirji, kunya kuwa na ajiye ta Shagari. Kullum ina duban kunun nan ana ɗura mata, tana haɗiya kamar ba da ita ake ba. Wata rana zawo, wata rana sauƙi. Tulu kuma na ta yin ƙasa, ina jin ƙarar moɗa tana kankarar gindinsa.

Ran nan da safe matarsa ta kawo kunu. Ya karɓi ƙwaryar ya zauna gaban yarinya, ya ɗebo ludayi ya kai kusa da bakinta, sai ya juya ya kai nasa bakin. Ya sake ɗebowa ya sake yi. A na gaba yarinya ta ƙwalla ƙara. Ta miƙa wannan siririn hannu ta damƙi gemunsa ta ja, tana kuka tana harbi da ƙafa.

Ya ce, "Alhamdu lillahi! Ta yi hushi! Ku zo ku gani, halin uwatta ya taso!"

Na ce, "Saki gemun bawa, ɗiyata, kada ki ɓata hannunki."

Maganar da na fara yi masa ke nan. Matarsa ta rangaɗa guɗa, gwaggo ta fito da carbi a hannu tana tambayar wa ya haihu.

Daga nan sai gaba. Ta fara rarrafe tana bin kaji. Ya kira wanzami aka aske jan gashin nan, wanda ya fito baƙi ne wuluk. Ranar da na mayar da ita Shagari, da ƙafarta ta shiga ɗakin uwar mijina. Tsohuwa ta kama ƙafar ta danna, naman ya taso ya biyo yatsanta.

Saura tulu, wanda babu komai ciki sai toka, ga hadari ya fara haɗuwa gabas. Ni ban iya roƙo ba, ba a haife ni da shi ba. Amma na iya kitso, kuma a lokacin babu wadda ta kama ƙafata daga Shagari har Lambara. Na san kuma babu tsohuwar da ba ta da ɗan ƙullin tsumma a ƙasan tukunya, wanda ko mijinta bai san da shi ba. Na ɗauki tsinken kitsona na bi gidaje, Mandera, Lambara, ƙauyukan da ke tsakani. In na gama kai sai in ce ban son komai sai wake, ko cikin tafi ne. Wata ta ba ni fari, wata ja, wata mai baƙin hanci, wata wani ƙanƙane mai dabbare-dabbare da ta ce daga Gobir uwarta ta zo da shi. Yatsuna suka kumbura. Na tara abin da ya kusa cika ƙwarya.

Ban kai wa taubashina ba. Gaban ƙanensa na ajiye, na ce ga abin da ɗiyata ta ci. Ya daɗe yana juya waken da yatsa. Da marece aka kawo tuwo, ya ɗauko nasa ya juye a akushin wansa.

Kada ku ɗauka bawan nan ya gode mini. Da suka shuka, wani ya nuna da wuri, wani ya yi ta yaɗo sai da sanyi ya shigo, wani tsutsa ta fi so, wani ba ta taɓa shi. Ya ce na ɓata masa iri, farin waken kakanninsa ya koma taron kasuwa. Ya yi ta cewa zai zauna ya tsince su ya ware, bai taɓa yi ba. Kowace kaka sai ya aiko mini da ƙwarya guda da saƙo, a ce wa uwargijiyata ga ɓarnarta. Ni kuma in ce a gaya masa ƙwaryar ba ta cika ba.

Bana waken ya nuna, mai shi bai kai ga roro ba. Da aka yi addu'ar uku aka watse, na nemi ɗiyata a cikin gida ban gan ta ba. Aka ce ta tafi gona. Na bi ta a hankali da sandata. Na hango ta tsakiyar kunyoyi, mace ƙatuwa mai faɗin kafaɗa, furfura ta fara fito mata, ta ɗaure zane a ƙugu, ɗiyanta na biye da ƙorai, tana yi musu faɗa kada su bar ko kwanso ɗaya a ƙasa. A nan na zauna gindin wata sabara, inda babu mai gani, na yi kukana.

Allah Ka yafe masa, Ka yalwata makwancinsa, Ka ciyar da shi daga abin da ya fi wanda ya ciyar. Mu da muka saura Ka sa mu cika da imani.